Darasi na Tara: Gyaran Hotunan Kumbo da Suka Lalace a Hanya

A ranar 25 ga Yuli, 1976, kumbon Viking 1 na hukumar NASA ta Amurka, wanda ke kewaya duniyar Mars, ya ɗauki hoton wani yanki da ake kira Cydonia. A cikin hoton akwai wani tudu mai faɗin kimanin kilomita 2 da ya yi kama da fuskar mutum: ga ido, ga baki, har da ƙofar hanci. Wanda ya ƙura wa hoton ido zai ga baƙaƙen ɗigogi sun warwatsu a kansa ko'ina. Waɗannan ɗigogin babu su a Mars. Gurabe ne na bayanan da suka salwanta a hanya, kuma ɗaya daga cikinsu ya faɗa daidai wurin hanci. Inuwa ce ta zana yawancin fuskar, domin rana ta yi ƙasa a lokacin, kuskuren hanya kuma ya ƙarasa aikin. An shekara da shekaru wasu na rubuta littattafai suna cewa wasu halittu ne suka sassaƙa ta. Sai a 1998 da 2001 kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin da kyamarar da ta fi waccan gani nesa ba kusa ba, aka ga tudu ne kawai da iska ta zaizaye.

A wannan darasi za mu ga yadda irin wannan ɓarna ke shiga hoto, da hanyoyi biyu na gyara ta. Ku riƙe bambancin hanyoyin tun yanzu: ɗaya tana maido da ainihin abin da kumbo ya aiko, ɗayar kuwa kintace take yi.

Abin da kumbo ke aikowa

Kyamarar kumbo tana raba abin da ta gani zuwa ƙananan ɗigogi, layi-layi, ta auna hasken kowane ɗigo, ta ba shi lamba. A tsarin da aka fi sani, 0 baƙi ne ƙirin, 255 fari ne fat, abin da ke tsakaninsu kuwa toka-toka ne hawa-hawa. Ita kwamfuta 0 da 1 kaɗai take ƙirga da su, kuma kowane ɗayansu ana kiransa bit. Saboda haka ana rubuta lambar kowane ɗigo da bit takwas. Lamba 52, alal misali, takan zama 00110100. Wannan jerin ne ake turowa ta rediyo, ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa kuma a sake jera shi ya koma hoto.

Mariner 4, wanda ya wuce ta gefen Mars a Yulin 1965, shi ya fara aiko da hotunan wata duniya daga kusa. Kowane hotonsa layi 200 ne, kowane layi ɗigo 200, kowane ɗigo bit 6. Ku lissafa: bit 240,000 ke nan. Kumbon kuwa bit takwas da sulusi yake iya turowa a sakan guda, don haka hoto ɗaya yakan ci sama da awa 8. Ma'aikatan cibiyar JPL da ke Kalifoniya sun gaza haƙurin jiran kwamfuta. Suka buga lambobin a kan siraran takardu, suka manna su a jere, suka sayo allin kala, suka yi ta shafa wa kowane rukunin lambobi launinsa. Hoton Mars na farko daga kusa da hannu aka fara zana shi, kuma har yau yana ajiye a cibiyar.

Inda ɓarna ke shiga

Na'urar rediyon kumbunan Voyager, waɗanda aka harba a 1977, ƙarfinta bai wuce wat 23 ba. Sigina kuma yana raunana da nisa fiye da yadda mutum zai zata: idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ne ke isowa. Don a ji wannan raunanniyar murya, NASA ta kafa manyan tashoshi uku a sassan duniya: Goldstone a Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid a Sifaniya, ɗaya kusa da Kanbera a Ostireliya. An raba su haka ne domin ƙasa tana juyawa, kafin kumbo ya ɓace wa ɗaya ya bayyana ga ta gaba. Manyan faya-fayan eriyarsu faɗinsu mita 70 ne. Kano ma ta taɓa zama mazaunin tashar NASA a shekarun 1960, sai dai ita aikinta bin sawun 'yan sama jannatin shirin Mercury da Gemini ne a kewayen ƙasa, ciki har da John Glenn a 1962.

Duk girman eriya, ba siginar kumbo kaɗai take ji ba. Rana na da tata hayaniyar, ruwan sama a kan tashar yana dushe sigina, har zafin na'urar karɓar kanta yana ƙara shuu. A cikin wannan hayaniya wani lokaci 0 yakan zo a karanta shi 1.

Girman ɓarnar ya dogara ga wane bit ne ya juye. Ku koma ga 00110100, wato 52. In na ƙarshe ne ya juye, lambar ta zama 53, kuma babu idon da zai ga bambanci. In na farko ne, ta zama 10110100, wato 180, sai farin ɗigo ya bayyana tsakiyar wuri mai duhu. Idan kuma sigina ya yanke na ɗan lokaci, layi guda ko layuka da dama ne za su ɓace, a ga baƙin ratsi ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe.

Wani zai ce, to a ce wa kumbon ya maimaita mana. Wani lokaci ana yin haka: hotunan Mariner 4 sau biyu aka turo su. Amma maimaici na da tsada. Lokacin da New Horizons ya wuce Pluto a Yulin 2015, saƙo yakan yi awa huɗu da rabi kafin ya iso, kuma sai a Oktoban 2016 aka gama kwaso abin da ya tara. Wani kumbon ma ba ya kai labari. Venera 13 na Tarayyar Sobiyet, da ya sauka a Venus, wato Zara matar wata, a Maris na 1982, minti 127 kacal ya yi yana aiko da saƙo a cikin zafin da ya haura digiri 450.

Gyara na farko: lissafin da ke kama kuskure

Dabarar ita ce a haɗa saƙon da wasu ƙarin bit masu gadi tun kafin ya bar kumbo. Ga misalin da za ku iya yi da fensir. A ce bit tara za a aika. Sai a jera su uku-uku, a ƙara bit ɗaya a ƙarshen kowane layi na kwance da kowane layi na tsaye, yadda adadin 1 a kowane layi zai rabu biyu daidai:

1 0 1 0
0 1 1 0
1 1 1 1
0 0 1 1

Bit na huɗu a kowane layi, da layin ƙasa gaba ɗaya, su ne masu gadi. Yanzu a ce a hanya bit na biyu a layi na biyu ya juye daga 1 zuwa 0. Mai karɓa zai ƙirga, ya tarar layi na biyu na kwance ya zama mara, layi na biyu na tsaye shi ma mara. Inda suka haɗu nan ɓarawon yake. Sai ya juya shi, saƙo ya koma yadda ya baro gida. Bai tambayi kowa ba, bai kuma yi kintace ba.

Richard Hamming, masanin lissafi a Bell Labs, shi ya wallafa tsari mai inganci na irin wannan a 1950, wasu kuma suka ɗora. Mariner 9, da ya fara kewaya Mars a Nuwamban 1971, ya yi amfani da tsarin da ake kira Reed-Muller: kowane bit 6 na saƙo ana tura shi a matsayin bit 32, kuma ko bakwai daga cikin 32 ɗin sun juye, ana gano ainihin shidan. Tsaro ne mai ƙarfi, amma fa an biya kuɗinsa, tunda abin da ake turawa ya ninka saƙon fiye da sau biyar.

Wanda ya fi shi arha shi ne na Irving Reed da Gustave Solomon, da suka wallafa a 1960. A sigar da Voyager 2 ya yi aiki da ita, ana ɗaukar lambobi 223 na saƙo, kowace mai bit takwas, a ƙara musu 32 masu gadi, su zama 255. Ko 16 daga cikinsu sun lalace sarai, ana maido da su. Irin wannan lissafin ne ke sa faifan CD da ya ɗan karce ya ci gaba da kiɗa, shi ne kuma ke sa waya ta karanta lambar QR ko da gefenta ya goge.

Akwai dalilin da ya sa Voyager 2 ya buƙaci wannan tsari sa'ad da ya doshi Uranus a Janairun 1986. Nisan ya kai ninki biyu na Saturn, sigina ya yi rauni, ga kowane hoto ɗigo 800 sau 800. Sai injiniyoyi suka koya wa kwamfutar kumbon, daga nan ƙasa, yadda za ta matse hoto. Maimakon ta turo 50, 52, 51, 53, sai ta turo 50, sannan ta ce a ƙara 2, a rage 1, a ƙara 2. Ƙananan lambobi ba sa cin bit da yawa. Amma ku lura da haɗarin: kowace lamba yanzu ta jingina da wadda ta gabace ta, don haka kuskure ɗaya zai gurɓata duk sauran layin. Matsattsen hoto ya fi ɗanye buƙatar gadi. Kwanaki kaɗan kafin isa Uranus sai ga ratsi fari da baƙi a hotunan. Da aka bincika, ba hanya ce ta yi ɓarnar ba. Wani gurbi ne guda a ma'adanar kwamfutar kumbon ya lalace, aka aika umarnin da ya kauce masa, hotuna suka dawo tas.

Gyara na biyu: aikin manhaja

Idan ɓarna ta fi ƙarfin masu gadi, ko kumbon tsoho ne da ba shi da su, sai a koma ga hoton kansa. Robert Nathan na JPL yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a, da hotunan wata da kumbunan Ranger suka aiko a 1964 da 1965. Daga aikin rukuninsa aka samu manhajar VICAR a 1966, wadda har yanzu ake amfani da ita. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ita ma tana da tata mai suna ISIS. Ƙananan ayyukan da za mu bayyana kuwa, manhajojin kyauta irin su GIMP da ImageJ suna yin su a kwamfutar gida.

Mu fara da farin ɗigon nan na 180. Manhaja tana duban sa tare da maƙwabtansa takwas:

50 52 51
53 180 49
52 50 54

Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne a tara su a raba tara. Jimilla 591 ce, a raba ta ba da kusan 66. Har yanzu ya fi maƙwabta haske, kuma in aka bi dukan hoton da haka, kuskuren zai shafi ɗigogin da ke kewaye da shi, hoton kuma ya dushe. Hanyar da ta fi ita ce a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, 49, 50, 50, 51, 52, 52, 53, 54, 180, a ɗauki wadda ta faɗo tsakiya. Ta biyar ita ce 52. Baƙuwar lamba tana can ƙarshen layi, ba ta da ta cewa. Ƙwararru ba sa sakin wannan matata a kan dukan hoto. Sukan gindaya mata sharaɗi: kada ta taɓa ɗigo sai wanda ya bambanta da maƙwabtansa fiye da wani ƙayyadadden adadi.

A misalinmu amsar ta zo daidai da ta asali, amma sa'a ce da kuma santsin wurin. Manhajar ba ta san cewa 52 aka aiko ba. Ta ɗauka ne cewa kowane ɗigo yana kama da maƙwabtansa, kuma a sararin samaniya wannan zato yakan ci amanar mai shi. Tauraro mai nisa ɗigo ɗaya ne mai haske cikin duhu. Ƙaramin wata da ba a taɓa ganowa ba haka yake. A ranar 14 ga Fabrairu, 1990, Voyager 1 ya waiwayo ya ɗauki hoton duniyarmu daga nisan kimanin kilomita biliyan 6, kuma girmanta a hoton bai cika ɗigo ɗaya ba. Da wani mai gaggawa ya bi hoton da matatar nan, da ya share duniya da duk abin da ke cikinta a matsayin datti. Yadda ake bambancewa shi ne a nemi wani hoton na wurin. Abin da ya bayyana a hotuna biyu inda lissafi ya ce zai bayyana, abu ne na gaske. Wanda ya fito sau ɗaya ya ɓace, galibi kuskure ne, ko kuma wata ƙwayar haske mai ƙarfi daga sarari ce ta bugi kyamara.

Layin da ya ɓace ana cike shi da matsakaicin na sama da na ƙasa. In layi ɗaya ne, da wuya a yi asara. In goma ne a jere, aikin ya koma na tela mai faci: zai samo yadi mai launin rigar ya toshe yagewar ta yi kyan gani, amma in akwai aikin sirfani a wurin da ya yage, ba shi da hanyar sanin zanensa. Rami mai faɗin kilomita zai iya ɓuya a ƙarƙashin irin wannan faci.

Shi ya sa cikewa daga wani kwafi ta fi daraja. Hotunan Venera suna da ratsi na tsaye, domin lokaci-lokaci kumbon yakan katse hoto ya cusa rahoton sauran na'urorinsa. Da yake kyamarar ta bi wurin fiye da sau ɗaya, gurbin da ke wannan kwafi yana cike a wancan. A farkon shekarun 2000 wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Don Mitchell, ya samo ainihin lambobin ya harhaɗa kwafe-kwafen, ya fito da hotunan da suka fi waɗanda aka buga a da. Masu nazarin taswira a ƙasashenmu sun san irin wannan aiki. A ranar 31 ga Mayu, 2003, wani ɓangare na kyamarar tauraron ɗan'adam Landsat 7 ya lalace, tun daga nan kowane hotonsa ya riƙa zuwa da baƙaƙen ratsi da suka cinye kusan kashi 22 cikin ɗari. Mai auna ruwan Tafkin Chadi da waɗannan hotuna yakan cike gurabe daga hoton wata rana. Sai dai tauraron, lokacin da yake aiki, sai bayan kwana 16 yake komowa wuri guda, kuma a cikin kwana 16 bakin ruwa na iya matsawa. Dole ya rubuta wace rana ya aro.

Wata ɓarnar kuma ratsi ne siri-siri masu maimaita kansu a dukan hoto, waɗanda wutar wasu na'urorin kumbo ke jawowa, kamar yadda aka gani a hotunan Mariner 6 na 1969. Maganinsu ya fito daga lissafin Bafaranshen nan Joseph Fourier, wanda ya rasu a 1830 bai san za a yi kumbo ba. Lissafinsa yana warware hoto zuwa igiyoyi masu hawa da sauka. Abin da ke maimaita kansa yakan taru wuri guda a wannan sabon fasali, a goge shi, a mayar da lissafin baya, ratsin ya tafi, duwatsu da ramuka su saura.

Kada kuma ku ɗauki kowane baƙin ɗigo kuskure. A ɗanyun hotunan Voyager akwai ɗigogi sama da 200 jere cikin tsari. Da gangan aka zana su a fuskar kyamara, domin irin waccan kyamarar takan ɗan lanƙwasa hoto. An san ainihin mazaunin kowane ɗigo, saboda haka manhaja takan miƙe hoton har kowanne ya koma wurinsa, daga baya a shafe su.

Abin da ba ya gyaruwa

A ranar 14 ga Janairu, 2005, na'urar Huygens ta hukumar sararin samaniya ta Turai ta sauka a Titan, babban watan Saturn. An tsara ta turo bayanai ta hanyoyin rediyo biyu zuwa kumbon Cassini, aka kuma raba hotunan tsakaninsu maimakon a tura kowanne sau biyu. Umarnin kunna na'urar karɓa ta hanya ɗaya bai shiga cikin jerin umarnin Cassini ba. Hotuna kusan 350, rabin abin da aka ɗauka, ba su taɓa isowa ba, kuma babu manhajar da za ta haifo su.

Wannan batu ya ƙara nauyi yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya cike kowane gurbi da duwatsu da inuwa masu kama da gaske. Don adon bango babu laifi. Don bincike kuwa, a ganina baƙin ratsi ya fi irin wannan cikon amfani, domin shi ratsi yana gaya wa mai dubawa cewa nan ba a gani ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce ba a taɓa ɗanyen hoto. Ana ajiye shi yadda ya iso, a yi gyara a kan kwafi, a rubuta kowane mataki, guraben da babu bayani kuma a ba su wata lamba ta musamman don kada lissafi ya ɗauke su baƙin dutse. NASA tana ajiye ɗanyun hotunanta a rumbun da ake kira PDS, wanda ke buɗe ga kowa a intanet. Tun 2016 kuma ake sakin ɗanyun hotunan Jupiter na kyamarar JunoCam don masu sha'awa su sarrafa da kansu, kuma da yawa daga hotunan Jupiter da jaridu ke bugawa daga hannun irin waɗannan mutane suka fito.

Aikin yi

Wannan saƙo ya iso da kuskure ɗaya. An tsara shi yadda adadin 1 a kowane layi, na kwance da na tsaye, zai rabu biyu daidai. Ku nemo bit ɗin da ya juye ku gyara shi:

1 1 0 0
0 1 0 1
0 0 1 0
0 0 1 1

Bayan kun gyara, ku juya bit biyu da ke layi ɗaya na kwance, ku miƙa wa na kusa da ku. Ya gane akwai kuskure? Ya iya nuna wurinsa? Ku tattauna dalili.

Sannan ga ɗigo tara daga wani hoto: 120, 118, 121, 119, 3, 122, 120, 117, 121. Na biyar shi ne na tsakiyar murabba'in. Ku fitar da sabuwar lambarsa ta hanyar tarawa a raba, ku sake fitar da ita ta hanyar jerawa a ɗauki ta tsakiya, ku kwatanta amsoshin biyu. Daga nan ku rubuta, cikin jimla biyu ko uku, wace shaida za ku nema kafin ku yarda cewa 3 ɗin kuskure ne, ba inuwar wani ƙaramin rami ba.